Lifidin Kaka da hoton cikin waya

Wannan makon ni aka miƙa wa alƙalami, kuma zan ɗan kauce wa maganar littafi da waƙa da muka saba, in kai ku shagon tela da bakin marina. Ku yi haƙuri ku biyo ni zuwa ƙarshe, za ku ga inda zancen ya dawo kanmu.

A hunturun da ya wuce na raka ƙanwata daga Boɗinga zuwa Shagari gaida kakarmu ta wajen uwa. Ƙanwar tawa tana shekara ta biyu da fara koyon ɗinki, kuma kamar sauran sa'o'inta, wayarta cike take da hotunan da ta kwaso daga Pinterest da Instagram. Bayan sallar isha'i muna zaune a ɗaki, sanyi na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, sai ta nuna mini hoton wani bargo da wata Ba'amurkiya ta ɗinka. Ƙananan ƙyallaye ne masu kusurwa uku, shuɗi mai duhu da shuɗi mai haske da fari, an harhaɗa su, an sa auduga a tsakiya, an bi da allura layi-layi. Ta ce ita shi take so ta kwaikwaya, matsalar kawai ba ta san inda za ta samo irin yadin ba, wataƙila sai an yo odarsa daga waje.

Kaka ta miƙo hannu ta ce, "Kishiya, kawo in ga abin da ya hana ku hira da ni." Ta kai wayar kusa da idonta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Wanga ai lihidi na, irin na dawakin sarki. Yanzu Turawa ka yin shi?"

Muka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta sa aka jawo mata tsohuwar adakarta daga ƙarƙashin gado, ta tono wani mayafi mai nauyi ta shimfiɗa mana a kan tabarma. Tsofaffin zannuwan mahaifiyarta ne na saƙi, rinin baba, da suka fara cinyewa ta yanka inda ya rage da ƙwari, ta jera su ruɓi uku ta bi da zare da hannu. Kowane ƙyalle ya koɗe gwargwadon wankin da ya sha, don haka akwai mai kama da baƙi, akwai shuɗi sosai, akwai wanda ya kusa komawa launin sararin samaniya. Ƙanwata ta ɗora wayarta a gefen mayafin ta yi shiru. Launukan da take shirin nema daga ƙetare ne a gabanta, a Shagari, cikin adakar da ta sha zama a kai.

Tun daga ranar nake juya maganar da zan faɗa yau. Matasanmu masu ɗinki da masu zane ba ƙarancin basira ke damunsu ba. An saba musu ne da cewa duk abin da ake kira na zamani daga waya yake fitowa, shi ya sa in za su ƙirƙiro sabon abu ba sa tunanin duba gida. Ni kuwa ina ganin duk wanda yake son ya fito da ɗinki ko ado na zamani wanda kasuwa za ta gane nasa ne, to ya fara da rinin garinsu da zanen da ya gada. Zanen aro ba ya rufe katara.

Mu fara da kalmar da muke furtawa kullum ba tare da mun tsaya a kanta ba. In Bahaushe zai ambaci attajirai sai ya ce "masu hannu da shuni". Me ya haɗa arziki da shuni? A da, wanda hannunsa ya rine da shuni, ko marini ne ko ɗan kasuwar da ke juya rinannun tufafi ko mai halin saka su, shi ne mai abin hannu. Rini babbar masana'anta ce a ƙasar nan. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya rubuta cewa saƙa da rini su ne ƙashin bayan kasuwancin birnin, kuma tufafinsa suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Garin Kura ya yi suna wajen turkuɗi mai ƙyalli da Buzaye ke yi wa rububi. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, tana nan har yau, ko da yake ramuka da yawa sun bushe.

Kar wani ya ce ai wannan tarihin Kanawa ne. A cikin birnin Sakkwato akwai unguwar da har gobe sunanta Marina, kuma ba don ado aka sa mata shi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da masu sana'a cikin haƙƙoƙin da ke kan shugaba, kuma maɗinka da marina suna cikin waɗanda ya lissafa da suna. Mu da muke tinƙaho da cewa Shehu ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga, ya kamata mu tuna cewa daular da suka kafa ta ɗauki allura da ramin rini da muhimmanci.

Shi kuwa lifidin da Kaka ta ambata, shi ne hujjar cewa ɗinkin ruɓi da auduga a tsakiya ba baƙo ba ne a wurinmu. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, shekara fiye da 600 ke nan. Riga ce mai kauri ta doki da mahayinsa, a sa yadi sama da ƙasa, a cusa auduga a tsakiya, a bi da ɗinki kusa-kusa yadda kibiya ba za ta huda ba. Baturen Ingila Hugh Clapperton ya ga 'yan lifidi da idonsa a rundunar Muhammadu Bello a 1826. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Salla a Katsina ko Kano ko Zariya ya ga yadda ake jera ja da rawaya da kore da baƙi a jikin lifidi. Aikin da Ba'amurkiyar can ta yi a hoton ƙanwata ke nan: fuska, ciki, baya, sai ɗinkin da ya riƙe su. Mu mun tsaya a kan doki, su sun sauko da shi kan gado.

Yanzu bari in faɗi inda nake ganin matashi zai samo zane in ya ɗaga kai daga waya. Ku ɗauki faifai ku duba yadda da'ira ke fita daga cikin da'ira, launi na karɓar launi. Ku dubi matashin fata na dukawan Sakkwato, yadda baduku ke yanka jar fata da baƙa da rawaya ƙanana-ƙanana ya jera su kamar tauraro. Wannan harhaɗa ƙyalle ne tsantsa, fata kawai aka sa a madadin yadi. Ku dubi aska biyu da aska takwas a ƙirjin babbar riga, dogayen tsinin nan da ke saukowa ƙasa. A faɗaɗa aska guda ta cika tsawon zanen gado, da fari a kan shuɗi, a gani in ba za ta tsayar da mai wucewa ba. Akwai dagi, akwai zanen ƙwarya, akwai saƙar tabarmar kaba, akwai zayyanar da ake yi wa allon sauka, wadda za a iya ɗaukar tsarin layukanta kaɗai ba tare da an kusanci rubutun ba, don ba a kai ayar Allah inda za a taka ko a kwanta. Kai, ko fangalin albasa da ake jerawa a fadama lokacin rani, in ka hango shi daga kan tudu, murabba'i ne kusa da murabba'i, wani kore shar, wani ƙasa-ƙasa, ruwa na bi ta tsakani. Wanda ya bi hanyar Boɗinga zuwa Shagari da ido buɗe ba zai dawo hannu rabbana ba.

Launi ma muna da shi. Baba ita ce uwa. Ana zuba ruwa a rami, a sa baba da toka da katsi, a bar su kwanaki suna ruɓa ana motsawa. In an tsoma farin yadi aka fito da shi, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya juye shuɗi a gaban idonka. Tsomi ɗaya yana ba da shuɗi mai haske, a yi ta maimaitawa yana ƙara duhu har ya kusa baƙi. Ke nan rami guda zai iya ba ka launi huɗu ko biyar na gida ɗaya, waɗanda ba sa faɗa da juna in an jera su. Karan dafi yana ba da ja, shi ne sirrin jar fatar Sakkwato da aka riƙa kaiwa arewacin Afirka har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Saiwar rawaya tana ba da launin da ya ci sunanta. Kuma yadin da aka rina da hannu yana da abin da na kamfani ba shi da shi: ba ya fitowa bai ɗaya, wani wuri ya fi wani sha, kamar yadda tuwon gida ya bambanta da biredin kanti. Wannan rashin daidaiton shi masu sayen irin kayan nan a waje suke biya da tsada.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mini a gida. Na farko, faci alamar talauci ce. Wace amarya ce za ta yarda a kai ta ɗaki da bargon faci, dangin miji su shigo ganin jere su fita da labari? Wannan magana ce mai nauyi, ba na raina ta, domin na san yadda gori yake a gidan biki. Amma mu tambayi kanmu wa ya yanke wannan hukuncin. Mu Musulmi muna karanta cewa Sayyidina Umar, yana Halifa, rigarsa da faci. A Senegal mabiya Baye Fall suna saka tufafin da aka harhaɗa da ƙyallaye launi-launi, sun mayar da shi tambarinsu. A Amurka akwai wani ƙauye a jihar Alabama da ake kira Gee's Bend, na baƙaƙen fata jikokin bayi, inda mata suka shekara da shekaru suna yanka tsofaffin wandunan aikin mazajensu suna ɗinka barguna saboda sanyi da babu. A 2002 aka baje bargunan a manyan gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta ƙasar ta buga hotunansu a kan kan sarki. A arewacin Japan ma talakawan ƙauye suna da irin wannan faci na yadin da aka rina da baba, suna kiransa boro, a da abin kunya ne a ɓoye, yau manyan masu zanen tufafi ke kwaikwayonsa. Ƙyallen bai canza ba a duk wuraren nan, idon mai kallo ne ya canza. Abin takaicin shi ne mu sai Bature ya yaba namu sannan mu ce ashe yana da kyau.

Na biyu, tsada. Bargon China yana nan a kasuwa da laushinsa da jakarsa mai zif, kuma babu yadda aikin hannu na mako biyu zai yi gogayya da shi a farashi. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya shiga sana'ar da niyyar karya farashin China zai karye. Amma ku dubi hula. Akwai ta inji mai araha a ko'ina, duk da haka mazanmu suna ajiye kuɗi su sayi ta hannu wadda aka yi makonni ana ɗinkawa, kuma suna gane ta daga nesa. Kasuwar hula ta hannu ba ta mutu ba saboda an san darajarta. Irin wannan kasuwar ce nake hange. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya, a Sakkwato sanyin da ke neman bargo mai kauri bai wuce Disamba zuwa Fabrairu ba, sauran shekara neman iska ake yi. Don haka kar a tsaya a bargo. A yi zanen gado mara nauyi, a yi shimfiɗar jariri, rigar filo, labule, jakar hannu, jakar kwamfuta, abin ratayawa a bangon falo ko ofis. Rabin kayan aikin ma kyauta ne: ku leƙa bayan kowane shagon tela a Boɗinga da jajiberin Salla ku ga tarin ƙyallayen shadda da atamfa da ake sharewa, wasu a cusa a filo, sauran a banka musu wuta.

Na uku, rinin gida yana zuba. Wannan ma gaskiya ne, kuma ita ce matsalar da ta fi korar masu saye. Ba wanda zai so ya kwanta da farar riga ya tashi da shuɗiya. Turkuɗi dama don ya zuba ake sonsa, amma kayan shimfiɗa ba haka ba ne. Maganin bai wuce haƙuri ba: a wanke kowane yadi a ɗauraye shi har ruwan ya fito fes kafin almakashi ya taɓa shi, a gwada goga shi da jiƙaƙƙen farin ƙyalle, kar a haɗa fari da shuɗin da bai gama zuba ba. Wanda ya yi gaggawa a nan ya ɓata sunan sana'ar gaba ɗaya. Haka kuma a riƙe amana. Tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin kanti a 1897, galura ta yi ta cin kasuwar baba, har yau yawancin masu rini da ita suke aiki saboda sauri. Ba laifi ba ne a yi amfani da ita, laifin shi ne a sayar wa mutum rinin galura a ce masa na baba ne, ko a kwarara ruwan sinadarin a lungu inda yara da awaki ke bi. Kakanninmu ko katsin da ya kwanta a gindin rami ba sa zubarwa, da shi ake haɗa laso a shafe soro.

Kar a fahimce ni da cewa a jefar da waya. Ni ma da ita nake rubuta wannan. Akwai abin da ya kamata mu koya daga masu bargon waje, kuma mu koya ba girman kai: daidaita awo, yanka ƙyalle bai ɗaya, gugar kowane haɗi kafin a ci gaba, tsabtar baki, ɗaukar hoto mai kyau, da rubuta sunan wadda ta yi aikin a jikinsa. A nan suka fi mu, domin namu sau da yawa zanen yana da kyau amma gamawar ta gaggawa ce. A ɗauko dabara daga can, a ɗauko zane da launi daga nan. In ƙanwata ta kwafi bargon Ba'amurkiya ƙyalle da ƙyalle, iyakarta ta zama ta biyu a abin da wata ta riga ta yi. In ta ɗora aska takwas a kan shuɗin baba, ba ta da kishiya a intanet kaf.

Ga masu shirya horon sana'a kuma ina da ƙorafi. Na taɓa halartar bikin yaye 'yan mata a wani shiri irin wannan, aka raba kekunan ɗinki, aka ɗauki hotuna, aka watse. Bayan wata shida duk wadda na tambaya abu ɗaya take ɗinkawa da maƙwabciyarta, doguwar riga da hijabi, a unguwa guda, ga masu saye guda. Wasu sun sayar da keken. Da an ware ko mako biyu an kai su wurin tsofaffin marina da dukawa da masu saƙar faifai, an kuma biya tsofaffin nan ladan koyarwa, da kowace ta fito da abin da ya bambanta ta. Tsofaffin da suka san yadda ake tayar da ramin baba ba su da yawa, kuma ba sa ƙaruwa. Ranar da na ƙarshensu ya kwanta dama, ba bidiyon da zai gaya mana yadda ake gane rami ya nuna ta wari da kumfa.

To, ga inda zancen ya dawo kanmu marubuta. Ku buɗe littattafan da muke sakawa a intanet babi-babi ku karanta yadda muke siffanta ɗakin amarya. Gado daga Italiya, labule daga Dubai, zanen gado daga Turkiyya, turare daga Faransa. In kuwa muna so mu nuna wa mai karatu cewa yarinya 'yar talakawa ce, sai mu sa mata zane mai faci mu zaunar da ita a kan tabarmar kaba. Dubban 'yan mata ke karanta mu a ƙarƙashin bargo da dare, kuma daga wurinmu suke koyon abin da ake kira gata da abin da ake kira kunya. Ba na cewa mu yi ƙarya mu ce kowa yana son kayan gida. Ina cewa ne ko sau ɗaya a samu jaruma mai ilimi da wayewa wadda ta shimfiɗa aikin hannun garinsu a gadonta da gangan, ko wadda sana'arta ke nan kuma ta ci abinci da ita. Mun iya sa mutane su yi sha'awar abin da ba su taɓa gani ba a Dubai, ba zai gagare mu mu sa su sake kallon abin da ke cikin adakar kakanninsu ba.

Ƙanwata dai ta fara. Ta bi shaguna uku ta roƙi ƙyallayen farar shadda, ta sayi farin yadin auduga ta aika Sakkwato aka rina mata shi shuɗi kala uku, ta zana da'irorin faifai a takarda ta mayar da su murabba'i. Abin da ta fara ɗinkawa shimfiɗar jariri ce, kuma layukan sun karkace. Da muka kai wa Kaka ta duba, ta juya bayan ta ga zaren, sai ta ce, "Kishiya, warware ki sake, wanga ko jaki ba ya yarda a aza mai shi." Ta warware tana ƙunƙuni. Ta biyun tana kan keke yanzu, kuma matar yayanmu ta riga ta ce nata ne.

Roƙona gare ku a wannan makon ƙarami ne. Duk mai tsohuwa a gida ya je ya gaishe ta, ya roƙe ta ta buɗe adaka ko kwalla. In an samu tsohon zane na saƙi, ko gwado, ko luru, ko faifai, ko hular da aka daina yayi, a ɗauki hoto a ajiye mana a ƙasa, tare da sunan abin da sunan zanen da garin da aka yi shi, kamar yadda ta faɗa da bakinta. Masu ganin na yi kuskure kuma, musamman teloli da 'yan kasuwar da ke cikinmu, ina jiran gyaranku.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu. Wassalam.